Kirista da makami: tambayoyin da matasan majami'armu a Maraɗi suke yi mini

Kowace Laraba bayan la'asar nakan zauna da matasan majami'armu muna nazarin Littafi Mai Tsarki. Duk makon da labari ya iso daga wajen Madarunfa ko Gidan Runji cewa 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye, sun kore shanu, sun tafi da mutane, darasin da na shirya sai ya koma gefe. Tambayar ɗaya ce, riga kawai take canzawa: Baba, Kirista yana da izinin ɗaukar makami ko ba shi da shi? Na tattara tambayoyin nan yadda ake yi mini su. Ni dattijon ikilisiya ne, ina da ra'ayina kuma ba zan ɓoye shi ba, amma inda bayin Allah na gaskiya suka saɓa da ni, zan kawo hujjarsu da ƙarfinta.

Yesu ya ce wanda ya mare ka a kuncin dama ka juya masa ɗayan. Ke nan Kirista ba ya kare kansa?

Ayar tana Matiyu 5:39, kuma ba a gane ta sai an haɗa da wadda ta gabace ta, inda Yesu ya ambaci tsohuwar dokar ido a madadin ido, haƙori a madadin haƙori. Wannan doka ta Fitowa 21:24 alƙalai aka ba ita don a yi wa hukunci iyaka, kada wanda aka fasa wa ido ya je ya fille kan mutum. Mutane suka mayar da ita hujjar ramuwa, kowa ya zama alƙalin kansa. Ƙofar da Yesu ya rufe ke nan.

Ka lura kuma da irin dukan da ya ambata. Mari ne. Wanda yake fuskantarka ba zai samu kuncinka na dama da hannunsa na dama ba sai da bayan hannu, wato marin raini irin wanda ubangida yake yi wa bawa. Cin mutunci ake magana, kuma nan ne Bahaushe ya fi jin ciwo. Mukan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma faɗa nawa ne ya ci rai a kasuwa ko a bakin rijiya wanda daga baƙar magana ya taso? A wannan fage umarnin Almasihu ba shi da kwana-kwana. An zage ka, an tofa maka yawu, an kira ka arne a gaban jama'a: ba ka ramawa.

Juya kunci bai hana buɗe baki ba. Da wani dogari ya mari Yesu a gidan babban firist, ya tambaye shi: in na faɗi mugun abu ka nuna shi, in kuwa gaskiya na faɗa, don me ka mare ni? Yana nan a Yahaya 18:23. Bulus ma da aka miƙe shi za a yi masa bulala, ya tunatar da hafsan cewa shi ɗan ƙasar Roma ne kuma ba a yanke masa hukunci ba. Don haka kai ƙara wurin mai unguwa, ko jandarma, ko kotu, bai saɓa wa bishara ba.

Abin da nake tsoro shi ne mu fake da wannan bayani mu zare wa ayar haƙoranta. Aya biyar a gaba Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Duk amsar da zan bayar a ƙasa, in ta fitar da kai daga ƙarƙashin wannan umarni, to ni ne na kauce.

Baba, 'yan bindiga sun tsallako katangata da dare, matata da yara suna ɗaki. In naɗe hannu?

A'a ɗana, ban ga inda aka ce ka naɗe hannu ba. Fitowa 22:2-3 ta ce ɓarawon da aka kama yana fasa gida da dare, aka buge shi ya mutu, babu alhakin jininsa a kan mai gida. Amma in rana ta riga ta fito, akwai alhaki. Cikin duhu ba ka san ko kisa ne ya kawo shi ba. Da rana kana ganinsa, kana iya yin kururuwa maƙwabta su kawo ɗauki. Ashe ran ɓarawo ma yana da daraja a gaban Allah, kuma wannan aya kaɗai ta isa ta hana Kirista sa hannu in an yi ihun ɓarawo a kasuwa, jama'a suka taru a kan mutum da duwatsu har ya daina motsi.

Toma Akwinas, malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya bayyana abin haka: aiki ɗaya yana iya haifar da abu biyu, ɗaya ka nufa, ɗaya ba ka nufa ba. In niyyarka tsare rai ce, kuma ƙarfin da ka sa bai wuce abin da zai tsayar da maharin ba, mutuwarsa ba kisankai ba ce. Littafin koyarwar Katolika da ya fito a 1992 ya ƙara a sakin layi na 2265 cewa ga wanda rayukan wasu suke wuyansa, kare su yana iya zama wajibi mai nauyi. Agustin kuwa, bishof ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, bai yarda mutum ya kashe wani don tsirar da ran kansa shi kaɗai ba. Ambros na Milan, wanda ya yi wa Agustin baftisma, ya ce wanda ya ga ana cutar ɗan'uwansa, yana da ikon hanawa bai hana ba, laifinsa ɗaya da na mai cutar. A tsakanin maganganun nan biyu na tsaya. Raina ina iya sallama shi kamar yadda Istifanas, shahidin farko na ikilisiya, ya yi. Ran 'yata ba nawa ba ne da zan yi kyauta da shi.

Sai dai a faɗi gaskiya. Masu shiga ƙauyukan Gabi da Safo a kan babura suke zuwa, su da yawa, da Kalashinkof. Mutum ɗaya da adda ba zai tsayar da su ba, kuma sau da yawa kare iyali shi ne ka fitar da su ta baya ku shige gonar hatsi ku kwanta. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani, Bulus kuma a kwando aka zurarar da shi ta garun Dimashƙu. In shanu suke so, a bar musu. Na taɓa halartar jana'izar wani magidanci da ya bi sawun shanun huɗarsa biyu cikin dare. 'Ya'ya bakwai ya bari.

Ai Yesu da bakinsa ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya.

Ya faɗa, a Luka 22:36. Karanta gaba kaɗan. Almajiran suka ce ga takuba biyu, ya ce ya isa. Takuba biyu ba shirin yaƙi ba ne ga mutum goma sha ɗaya. A aya ta 37 shi da kansa ya haɗa maganar da annabcin Ishaya cewa za a lasafta shi cikin masu laifi. A daren nan kuma Bitrus ya zare takobi ya yanke kunnen Malkus, bawan babban firist; Yesu ya tsawata masa ya ce ya mayar da shi kube, domin masu zarar takobi da takobi za su hallaka, sa'an nan ya taɓa kunnen ya warkar. Wasu malamai suna cewa kube ya ce a mayar, bai ce a jefar ba, don matafiyin wancan zamani yakan riƙe takobi saboda 'yan fashi. Na yarda ana iya fahimtar haka, amma iyakarta ke nan. Ayar ba ta ba kowa izinin ɓoye bindiga a rumbu ba, kuma a Nijar riƙe bindiga ba da takardar izinin hukuma ba laifi ne.

Doka ta shida cikin Dokoki Goma ta hana kisa. Yaya soja zai tsira daga gare ta?

Fassararmu ta Hausa ta taimake mu a nan, domin kisankai ta ce a Fitowa 20:13. Kalmar Ibrananci da ke wurin ba ita ake amfani da ita ba in ana maganar kisan da ake yi a fagen yaƙi. Wannan bai mayar da jinin yaƙi ruwa ba, kuma zan dawo kan haka.

Ina so in shiga soja ko jandarma. Mahaifiyata ta ce aikin zunubi ne.

Ka gaishe ta, ka zauna ku karanta Luka 3:14 tare. Sojoji sun zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su tuɓe kaki ba. Abu uku ya faɗa: kada su ƙwaci kayan kowa, kada su yi wa kowa ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Hafsan Roma ne a Kafarnahum Yesu ya ce bai ga bangaskiya irin tasa ba ko a Isra'ila. Karniliyas, wanda Bitrus ya yi wa baftisma a Kaisariya, hafsan soja ne. Da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwar kashe Bulus, dakaru 470 ne suka fita da shi daga Urushalima cikin dare, kuma shi ne ya tura ɗan 'yar'uwarsa ya kai wa shugaban sojojin labari. A Romawa 13:4 ya rubuta cewa mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, bawan Allah ne don hukunta mai mugunta.

Masu ƙin makami suna amsawa da cewa shiru ba yarda ba ne: ba a gaya mana abin da Karniliyas ya yi da aikinsa bayan baftisma ba, kuma Romawa 13 tana maganar abin da hukuma take yi, alhali Romawa 12 ce take faɗin abin da mai bi zai yi, wato kada ya rama mugunta da mugunta. Hujja ce mai nauyi. Amma ni in na tuna sojoji 71 da aka kashe a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, da 89 a Shinagodar bayan wata guda, da yaran da suke kwana a daji cikin aikin sojan da ake kira Farautar Bushiya a nan jiharmu, ba na iya cewa ni na yi tsarki da yawa ga aikin da yake sa ni barci. Mu Kiristoci ba mu kai kashi 2 cikin 100 na mutanen ƙasar nan ba. In muka bar wa 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi wannan kaya su kaɗai, da wane ido za mu dube su ranar da aka kawo gawa?

In ka shiga, to umarnin Yahaya guda uku suna jiranka a shingen farko da za a ajiye ka. Direban da ya miƙo maka jika ɗaya a dunƙule, da Bafulatanin da wani ya raɗa maka cewa ɗan leƙen asiri ne ba tare da shaida ba, nan ne jarrabawarka za ta fara, tun kafin ka harba harsashi ko ɗaya.

Me Kiristocin farko suka yi?

Da yawa cikin malamansu sun ƙi aikin soja, kuma abin da ya kamata mu sani shi ne akasarin wannan muhawara a nahiyarmu aka yi ta. Tartuliyan na Kartaj, a Tunusiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 200 cewa sa'ad da Ubangiji ya hana Bitrus takobi, kowane soja ya kwance wa ɗamara. Orijen na Iskandariya ya amsa wa wani mai sukar Kiristoci cewa suna taimakon sarki da addu'a fiye da masu fita fagen daga. A shekara ta 295, a garin Tebesa na Aljeriya, aka kawo wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Maksimiliyan don a ɗauke shi soja. Ya ce shi Kirista ne, ba zai yi ba, aka fille masa kai. Bayan shekara uku aka kashe hafsa Marselus a Tanja ta Maroko saboda ya jefar da ɗamararsa ta soja a bainar jama'a.

Dalilinsu biyu ne a cakuɗe: zubar da jini, da kuma bautar gumaka, domin sojan Roma dole ya yi hadaya ga alloli da sarki. Duk da haka akwai Kiristoci a rundunar, Tartuliyan kansa ya ambace su. Bayan sarki Kostantin ya halatta addinin a 313, tambayar ta juya: yanzu da mai bi ne a kan karaga, in mahara suka zo, wa zai tsare gari?

Ina jin ana cewa yaƙin adalci. Akwai yaƙi mai adalci?

Amsar da Agustin ya fara shimfiɗawa ke nan ga waccan tambaya. A wasiƙar da ya aika wa wani kwamanda mai suna Bonifas wajen shekara ta 418, ya ce masa salama ce za ta zama abin da yake so, yaƙi kuwa sai dole ta sa. Akwinas ya tsara sharuɗɗa uku: hukuma halattacciya ce za ta yi shelar yaƙin, dalilin ya zama na gaskiya, niyyar kuma ta zama maido da zaman lafiya. Daga baya aka ƙara cewa sai an gwada sauran hanyoyi sun gaza, sai akwai kyakkyawan zaton nasara, kuma kada ɓarnar yaƙin ta fi ɓarnar da ake son hanawa. A cikin faɗan ma ba a taɓa wanda bai ɗauki makami ba, ba a kashe wanda ya miƙa wuya. Martin Luta ya bi wannan layi a 1526 da ya rubuta cewa soja ma yana iya samun ceto, kuma yawancin ikilisiyoyin bishara irin namu a kansa suke ko da ba su san sunansa ba.

Rauninsa a bayyane yake: babu sarkin da ya taɓa fita yaƙi yana cewa nawa na zalunci ne. Yaƙe-yaƙen da aka ɗaga wa gicciye tun daga 1095 sun zubar da jinin Musulmi da Yahudawa, a 1204 kuma mayaƙan suka washe Kustantiniya, birnin 'yan'uwansu Kiristoci. Abin kunya ne a tarihinmu, kada wani matashi ya ji yana alfahari da shi. Amfanin sharuɗɗan yana nan ne kawai in ana amfani da su a ce a'a.

Su wane ne Kiristocin da suka ƙi makami ƙwata-ƙwata? Ba tsoro ba ne?

Na san inda tambayar ta fito. Mu mutanen garin Ɗan Baskore ne, da kirarin mazaje aka raine mu, kuma a kunnenmu wanda bai rama ba rago ne. To ka saurari wannan. A 1569, a ƙasar Holan, wani mai bi mai suna Dirk Willems ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai binsa ya rufta cikin ruwan. Dirk ya juyo ya ciro shi, aka kama shi a nan, aka ƙone shi da rai. Shi ɗan ƙungiyar masu sake baftisma ne, waɗanda tun 1527 suka rubuta cewa takobi ba na almajirin Almasihu ba ne. 'Yan Menonayit daga cikinsu suka fito. 'Yan Kweka na Ingila su ma sun bi wannan tafarki. A yaƙin duniya na biyu, Desmond Doss, wani Ba'amurke mai kiyaye Asabar, ya shiga soja a matsayin mai jinyar raunuka, ya ƙi taɓa bindiga, ya ɗauko wajen mutum 75 daga bakin wuta a Okinawa a 1945.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, ikilisiyar salama ce tun daga tushenta. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta ba su kira mutanensu ga ramuwa ba, kuma agajin da suka raba ya kai ga Musulmi 'yan gudun hijira. Ban yarda da su a kan kowane abu ba, amma ba zan bari a kira su matsorata a gabana ba. In ɗan majami'armu ya ce lamirinsa bai ba shi ɗaukar bindiga ba, wurinsa yana nan a benci ɗaya da sojan da ya zo hutu. Ikilisiyar Katolika ma tun 1965 ta nemi hukumomi su yi wa irin waɗannan tanadin wata hidima ta daban.

An ƙone majami'u a garin nan ba sau ɗaya ba. Sai yaushe za mu tashi mu kare gidan Allah?

Wannan ce tambayar da ake yi mini da jajayen idanu, kuma ni ma ina garin duk lokutan. A Nuwamban 2000, cikin tarzomar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an far wa majami'ar Vie Abondante. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa wanda ba mu da hannu a ciki kuma ba mu yarda da shi ba, wuta ta tashi daga Damagaram ta kai Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙone. Mutum 10 suka mutu a ƙasar. A daren 15 ga Yuni 2019 aka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya, bayan kama wani malami, wanda da aka sake shi ya yi kira ga mabiyansa su daina ƙone-ƙone.

Amsata a nan ba ta da sassauci: ba a ɗaukar makami da sunan Almasihu, ba a kuma zubar da jini saboda gini. Ya gaya wa Bilatus cewa mulkinsa ba na duniyar nan ba ne, da na nan ne da barorinsa sun yi faɗa. In ana neman ran mutanen da ke cikin majami'ar, mun koma tambaya ta biyu: a fitar da su, a tsare su, a kira hukuma. Amma kwano da benci da ganga, an sake sayensu. Ramuwa kuwa, ko ta dutse ɗaya a kan masallaci ko shagon wani, haramun ce a gare mu, domin Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce.

Mun ga inda ɗaya hanyar take kaiwa. A Afirka ta Tsakiya, 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai da yawancinsu Kiristoci ne, sun fara da sunan kare ƙauyukansu, a 2014 kuma suka ƙare da karkashe Musulmi da korarsu daga garuruwansu. Babban bishof na Bangi, Dieudonné Nzapalainga, shi ne ya ajiye shugaban limaman ƙasar a gidansa. Fasto James Wuye na Kaduna ya jagoranci matasan Kirista a faɗan 1992, ya rasa hannunsa na dama. Daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa, wanda dā suke neman ran juna, suka kafa cibiyar sasanci. A Yunin 2018 Imam Abubakar Abdullahi na yankin Barikin Ladi a Filato ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa.

Ni ma ina da nawa labarin. A daren nan na 2019, maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya fito da tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar gidana ya zauna da carbinsa har asuba. Da na leƙo ya ce, Malam koma ciki, yau ni ne mai gadi. Shekara ashirin muna gaisawa, muna aika wa juna abinci da Sallah da Kirsimeti, muna zuwa suna da ta'aziyya. Da bindiga ce a ɗakina a daren, ban san abin da za ta tsare ba wanda tabarmar nan ba ta tsare ba.

Ƙauyenmu ya kafa 'yan sintiri. In shiga?

Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Gadi da sanin mai gari da jandarma, Musulmi da Kirista a tare, aikinsa hangowa da tayar da mutane da sanar da hukuma, ban ga laifinsa ba. Ka fita ranar da sintirin ya fara kama mutane yana yanke musu hukunci da kansa, ko ya fara farautar wata ƙabila. A Zamfara kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni yana cikin abin da ya hura wutar da 'yan gudun hijirarta suka cika ƙauyukanmu tun 2019.

Abokan aikina a bariki duk suna da laya da maganin bindiga. Ni fa?

A'a. Ba laya, ba guru, ba wankan tauri, kuma kada ka naɗe Zabura ta 91 a fata ka mayar da ita laya. Ka sa sulken da aka ba ka, ka kula da horonka, ka yi addu'a. Allah bai yi alkawarin harsashi ba zai taɓa mai bi ba. Uriya amintaccen sojan sarki Dawuda ne, a bakin daga ya mutu.

In aka ba ni umarnin harbin mutanen da ba su ɗauki makami ba?

Ka ƙi, ka kuma shirya ɗaukar abin da zai biyo baya. Dole mu yi wa Allah biyayya fiye da mutane, in ji Bitrus a Ayyukan Manzanni 5:29. Da Saul ya umarci dogaransa su kashe firistocin Nob, sun ƙi ɗaga hannu. Franz Jägerstätter, wani manomi ɗan Ostiriya mai 'ya'ya ƙanana, ya ƙi yi wa Hitila yaƙi, aka fille masa kai a Agustan 1943. Yarjejeniyoyin Janeba na 1949, waɗanda Nijar take ciki, su ma sun hana kashe farar hula da fursuna, don haka doka tana bayanka ko da hafsanka ba ya bayanka. Ka yanke wannan shawara tun yau da kake zaune lafiya, domin ranar ba za a ba ka lokacin tunani ba.

To yaƙe-yaƙen Joshuwa da Dawuda fa?

An ba Isra'ila waɗannan umarnai a wani zamani, a kan wata ƙasa, kuma ikilisiya ba ta da ƙasa ko runduna. Duk wanda ya buɗe littafin Joshuwa ya nuna maka maƙwabcinka ya ce ga irin wanda Joshuwa ya yaƙa, wato Bakan'ane, ka tashi daga gabansa.

Baba, maigidana soja ya dawo daga fagen daga a Difa. Ba ya barci, ya daina zuwa sujada, ya ce hannunsa da jini, bai isa ya ci jibin Ubangiji ba.

'Yata, sannu da ɗawainiya. Abin da yake ji ba alamar ɓata ba ce, alama ce cewa zuciyarsa ba ta mutu ba. Allah ya ƙaunaci Dawuda, duk da haka ya ce masa ba shi zai gina Haikali ba saboda jinin da ya zubar da yawa. Yana 1 Tarihi 22:8. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, bai lasafta kisan yaƙi cikin kisankai ba, amma ya ba da shawara sojan da ya kashe ya dakata daga jibi shekara uku. Ba na cewa a dawo da wannan ƙa'ida. Abin da na ɗauka a ciki shi ne magabatanmu sun san mutum ba ya fitowa daga fagen daga ya shiga waƙar yabo washegari kamar ba abin da ya faru, mu kuwa mukan tafa masa mu ce jarumi, mu bar shi da mafarkansa.

In abin da ya yi cikin aikin tsare mutane ne, yana bukatar wanda zai saurare shi har ƙarshe ba tare da katse shi da aya ba. In kuwa akwai abin da ya wuce gona da iri, yana bukatar ya furta shi da sunansa, ya tuba, kuma jinin Almasihu ya isa har can. Rashin barci da firgita da saurin fushi ciwo ne da likitoci suka sani, a kai shi asibiti. In ya fara ɗaga miki hannu ko ga yara, kada ki rufe, ki gaya wa fasto ko shugabar zumuntar mata a ranar. Kada ki matsa masa da tambaya. Ki gaya masa ranar Asabar da hantsi zan zo gaishe shi, ni da wani ɗan'uwa tsohon soja, mu sha shayi a zaure. In ya yarda ya zo sujada Lahadi, ko a bencin baya ne, zan zauna kusa da shi.